Kaset ɗin da Na Shafe

Bahaushe ya ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shekara talatin da na yi ina riƙe da alli, da wannan karin magana na yi ta renon ƴaƴan mutane: kada ka ɗaga hannu sai ka tabbata da amsarka, kada ka miƙo takarda sai ka sake dubawa, kada ka fito fili sai ka shirya. Ban ce shawarar banza ba ce, domin kuwa ta fitar da yara da dama daga jarrabawar birbe. To amma akwai ranar da na yi aiki da ita a inda ba muhallinta ba, na yi ɓarnar da har yau ban sami abin gyara ta ba. Labarin nan nake son in ba ƴan uwana malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, tun da yake mu ne aka damƙa wa amanar matasa, kuma irin hannun da ya yi wannan ɓarna shi ne yawancinmu muke da shi.

A shekarar karatu ta 2004 zuwa 2005 ina koyar da Faransanci a Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, tafiyar kilomita kamar 180 arewa maso gabas da Yamai. Wanda ya san garin ya san yadda yake kwance cikin kwarin Dallol Boso, duwatsu sun yi masa katanga, itatuwan gawo sun yi masa rumfa, kasuwar Lahadi kuma tana tara Kurfayawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani, kowa da harshensa da irin kiɗan da kunnensa ya saba da shi. Bayan gidan da nake haya akwai wata fada ta samari, inda ake dafa shayi har tsakar dare. A nan ne yara huɗu suka haɗa kansu suka ce su makaɗa ne. Biyu ɗalibaina ne na ajin ƙarshe, wato mai waƙa da mai gitar. Na uku yaron gareji ne, shi ke buga ganga. Na huɗu ya bar lakwal tun yana ƙarami, jikan wani tsohon mai goge ne, kuma ƙwarya yake kaɗawa. Babbansu bai wuce shekara 19 ba.

Kayan kiɗansu abin dariya ne ga wanda bai ji su ba. Gitar ɗin kawun yaron ne ya zo da ita daga Kwatano, tsirkiya ɗaya ta tsinke, aka maye gurbinta da wayar birkin keke. Yaron gareji ya farke wata tsohuwar rediyo, ya jona ta da batirin mota, ta zama lasifika mai ƙara kamar ana yaga zane. Gangar kuwa rabin duro ne aka rufe da fatar akuya, aka rataya marfin tukunya biyu a gefe. Ƙwaryar ce kaɗai ta gado: an kifa ta a kan rami cikin rairayi, ana dukanta da tsinkaye, kamar yadda ake yi a gaban mai goge tun kaka da kakanni.

A wancan zamani kunnen samarin Nijar yana wajen ƴan rap na Yamai, irin su Kaidan Gaskia da Wass-Wong da Lakal Kaney, wasu kuma suna sauraron gitar ɗin Abzinawa mai tafiyar raƙumi. Kiɗan yaran nan bai yi kama da ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wasan goge ya san cewa mai goge yakan fara a hankali, ya riƙa ƙara wuta kaɗan kaɗan, masu ƙwarya suna bin sa, har a kai ƙololuwar da ƙafar mai rawa ba ta iya ƙirga ta. Su waɗannan yara daga wannan ƙololuwa suke farawa. Babu shimfiɗa, babu kirari, babu yabon kowa. Mai ganga ya buga sanda sau huɗu, sai gaba ɗaya su afka, mai waƙa yana ihu har jijiyoyin wuyansa su tashi, kafin ka gyara zama sun tsaya cak. Da wuya waƙarsu ta cika minti biyu.

Abin da suke ihu a kansa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Daminar 2004 ta yi gardama, fara ta sauka ta cinye abin da ya saura a gonaki, kuɗin buhun hatsi ya riƙa hawa mako bayan mako. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har jama'a suka yi gagarumar zanga-zangar tsadar rayuwa a Yamai ranar 15 ga Maris. Yaran suna da waƙa a kan fara, da waƙa a kan tiyar hatsi, da waƙa a kan uban da ya tafi Kurmi neman kuɗi ya daina aiko da wasiƙa. Suna kuma da wata a kan malamin da ke yawo da jan bik a aljihu, wanda bai taɓa duban takarda ya ga abin kirki ba sai kuskure. Ba su ambaci suna ba. Ba su kuma bukaci ambata ba, don duk fadar ta san aljihun da ake nufi.

Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, mai waƙa ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Mushe, alfarma muke nema. Kai kaɗai ke da rakoda mai baki biyu a unguwar nan. Muna son mu ɗauki waƙoƙinmu a kaset.” Na ce, “Wa zai saurara?” Ya ce, “Ko mu kaɗai, Mushe.” Na yarda, ba don na ga amfanin abin ba, sai don in huta da naci.

Daren Asabar suka zo da kayansu a amalanke. Sun yi karo-karo sun sayi sabon kaset mai minti 60 da manyan batura shida. Zauren gidana muka mayar ɗakin ɗaukar sauti. Da aka gwada karo na farko, ganga ta danne komai, ba a jin waƙa ko kaɗan. Yaron gareji ya fitar da gangar tsakar gida, ya bar ƙofa a buɗe, aka rataya bargo a bakinta. Aka ɗora rakoda a kan turmi, mai waƙa ya durƙusa a gabanta har leɓensa na kusa da taɓa ta, aka juya lasifikar gitar ta fuskanci bango, mai ƙwarya kuma ya zauna a lungu. Duk wannan dabara babu wanda ya koya musu, kunnensu ne ya nuna musu. Aikina shi ne in danna maɓallai biyu tare, in ɗaga hannu. Waƙa 11 suka yi, kowace sau ɗaya, in ban da wadda jakin maƙwabci ya shiga cikinta aka sake. Duka-duka minti 19 ne, ko fuska ɗaya ta kaset ba su cika ba. Da suka gama, gumi ya jiƙa su sharkaf, muka mayar da kaset baya muka saurara. Ina tuna yadda mai ƙwarya, wanda bai taɓa jin hannunsa daga waje ba, ya rufe fuska da tafukansa yana dariya. Suka bar mini kaset ɗin domin in kwafa musu guda huɗu idan sun sami kuɗin wasu.

Washegari na zauna ni kaɗai na sake saurara, da takarda da jan bik. Na rubuta cewa gitar ba ta daidaita ba, cewa mai ganga yana gudu ya bar ƴan uwansa, cewa ba a jin rabin kalmomin, cewa babu waƙar da ke da farko da tsakiya da ƙarshe. Kuskure 14 na lissafa. Da suka zo da yamma, mai gitar ya ce cikin raha, “Mushe, mun ci ko mun faɗi?” Na ce, “Yara, wannan gwaji ne, ba kaset ba ne. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya, akwai situdiyo na gaske. Ku rage gudu, ku gyara kalmominku, ku bari damina ta wuce mu tara kuɗi, ni da kaina zan kai ku.” Mai waƙa ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke ta, ya ce, “Mun gode, Mushe.” Ba su sake tambayar kwafi ba.

A watan Mayu, jarrabawa ta matso, na so in ɗauki wani shirin rediyon Faransa domin in yi wa ɗalibai darasin saurare. Na duba ban sami kaset marar komai ba. Wanda ya yi zamani da kaset ya san akwai wasu ƴan kunnuwa biyu a bayansa, in aka karye su rakoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kansa. Yaran ba su karye nasu ba. Na ɗauka na saka, na danna maɓallan nan biyu. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba kuskure ba ne. Na gaya wa kaina cewa ai za su sake wanda ya fi shi. Abin da ban gaya wa kaina ba shi ne, waƙar jan bik tana cikinsa, ita ce ta bakwai.

Shirin bai kai tsawon kiɗansu ba. Ranar da na kunna shi a aji, muryar Bature tana ƙarewa sai ƙarshen waƙarsu ta 11 ya fashe cikin ɗakin, ganga da ƙwarya da ihu, na daƙiƙa kamar ashirin. Aji ya kwashe da dariya. Na yi maza na kashe. Mai waƙa da mai gitar suna zaune a layi na uku, ba su yi dariya ba, ba su kuma dube ni ba.

Daminar da na ce a jira ta zo da yunwar 2005, wadda duniya duka ta ji labarinta. Gitar ɗin aka sayar aka sayi hatsi. Yaron gareji ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, bayan shekara biyu labarinsa ya yanke. Mai ƙwarya sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar da ta biyo, Allah Ya jiƙansa. Mai gitar ya koma gona, mai waƙa ya tafi Lome wajen ɗan uwansa yana tallan kaya. Kaset ɗin ma, da sauran daƙiƙa ashirin ɗinsa, ya ɓace a wata ƙaura da aka yi mini. Ko sau ɗaya mutum huɗun nan ba su sake zama wuri guda ba.

Shekara 14 bayan haka, a 2019, saƙo ya shigo wayata ta WhatsApp daga wata lambar Togo. Mai waƙa ne. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya ce, “Mushe, saurari wannan, ɗan ƙasarmu ne.” Kiɗan Mdou Moctar ne, daga kundinsa mai suna Ilana da ya fito a shekarar. Ban san shi ba a lokacin, sai na shiga bincike, kuma abin da na tarar ya hana ni barci. Mahamadou Souleymane sunansa na yanka, Ba'abzine ne daga yankin Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa, can saman kwarin Azawak wanda Dallol Boso namu ci gabansa ne. Gitar ɗinsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cikin situdiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Malami irina da ya cika takarda da ja. Ba a ma fitar da kundin a kasuwa ba, yawo ya yi ta yi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin ajiya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai ita. Da Mdou ya tsaya jiran ranar da komai zai cika, da babu abin da zai yi yawo a waya, da kuma babu wanda zai zo nemansa.

Ilana shi ne kundi na farko da ya ɗauka a situdiyo tare da cikakkiyar ƙungiyarsa, a birnin Ditiroyit na Amurka. Cikin ƙungiyar akwai Ahmoudou Madassane da ke riƙe gitar ta biyu, akwai kuma Mikey Coltun mai buga bas, wanda ya tashi a yankin Washinton cikin masu wani kiɗa da ake kira hardcore punk. Wannan suna ne ya ja ni zuwa wata duniyar da ban taɓa sanin akwai ta ba. Kiɗa ne na samari masu fushi da ya ɓullo a biranen Amurka wajen 1980: gitar mai ƙara, ganga mai gudu, waƙa gajera, murya a sama, babu ado. Daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa akwai wasu samari huɗu baƙar fata na Washinton da ake kira Bad Brains. Gidajen rawa na garinsu sun rufe musu ƙofa, suka koma Niyu Yok. A can, cikin 1981, suka ɗauki kundinsu na farko a wani ɗan wuri da ake kira 171-A, inda suke atisaye. Da ya fito a watan Fabrairu na 1982, a kaset kawai ya fito, mai ruwan ɗorawa, daga wani ƙaramin kamfani mai suna ROIR wanda a lokacin ba ya buga faifai sai kaset. Da yawa daga waƙoƙin ba su kai minti biyu ba.

Na nemo shi na saurara a tsakar gida da dare. Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma jikina ya yi sanyi, domin na san wannan gudu, na san wannan tsayawa cak, na san sandar nan da ake bugawa sau huɗu. Ba ina cewa yaran Filinge sun kai waɗannan gwaninta ba, ko kusa. Bad Brains ƙwararrun makaɗa ne da suka fara da kiɗan jaz. Ba kuma kwaikwayo yaranmu suka yi ba, tun da ba su taɓa jin sunan ba. Fushi ne iri ɗaya ya nemi hanya iri ɗaya. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a 1983 Bad Brains sun sake ɗaukar da yawa daga waɗannan waƙoƙi a babban situdiyo, da kayan aiki na gaske, cikin kundin Rock for Light, wato sun yi daidai abin da na umarci ɗalibaina su yi. Duk da haka kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa shi ne masana wannan kiɗa suke komawa gare shi, shi ake ƙirgawa cikin tushen abin. Haka nan kamfanin Dischord, wanda Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a Washinton a 1980: da dalar Amurka 600 da ƙungiyarsu ta tara suka buga kwafi 1000 na faifansu na farko, suka yanka kwalayen da almakashi suka manna da hannu. Ƙungiyar ta riga ta watse kafin faifan ya fito. Sun buga shi ne domin a san an yi su.

A nan ne na gane kuskuren da na yi, wanda ya girmi goma sha huɗun da na lissafa musu. Na ɗauki kundin farko a matsayin takardar jarrabawa, alhali kuwa shaida ce. Shaida ce cewa a wata kaza na shekara kaza, mutum kaza sun zauna a ɗaki ɗaya, ga abin da ke cikinsu, ga yadda ya fito. Takardar jarrabawa ana iya sake ta baɗi. Shekara 17 kuwa ba a sake ta, haka ma yunwar da ta sa muryar yaro rawa, haka ma hannun mai ƙwarya da ke cikin kabari. Gudun da na ce su rage, shi ne maganar da suke yi.

Kuma bai kamata a ce ɗan Kurfai ne ya kasa gane haka ba, domin ƙasarmu ta taɓa yin irin wannan rashi. Wajen 1925, a nan yankin Filinge, aka fara abin da tarihi ya sani da sunan Hauka, ko Babule. Wata mata mai suna Shibo, daga Shikal, ita ce kan gaba. Mabiyanta, yawancinsu matasa, suka riƙa hawan iskoki masu kamannin gwamna da kumandan da soja, suna fareti, suna kwaikwayon masu mulki a bainar jama'a, suka kuma juya wa sarki Gado Namalaya baya, wanda Faransawa ke mara wa. Kumandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama gommansu aka tsare. Ba a jima ba shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akra, ya fito a 1955. Ba hukuncin addini nake yi a nan ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake nunawa shi ne, abin da ya zo hannunmu daga wannan babban al'amari rahoton masu mulki ne, da binciken baƙi, da fim ɗin da aka ɗauka a wata ƙasa bayan shekara kusan talatin. Gogen da aka ja a Shikal da ƙwaryar da aka kaɗa, iska ta tafi da su. Mutanen 1925 suna da uzuri, ba su da rakoda. Ni ina da ita, mai baki biyu, kuma jikan mai goge ne ya zauna a zaurena.

Mai karatu zai iya cewa, to ai ba kowace hayaniya ce ta cancanci ajiya ba. Gaskiya ne, amma ba ranar da aka yi abu ake sanin darajarsa ba, kuma ba malamin da aka zaga cikin waƙa ta bakwai ne ya dace ya yanke hukunci ba. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka yi kwafi ƙalilan a kaset. Shekara 35 bayan haka, a 2013, aka sake fitar da shi a faifai, duniya ta saurara, don kawai an sami wanda ya ajiye kwafi bai shafe ba. Ajiya ba ta bukatar ka so abin. Tana bukatar wuri a cikin akwati kawai.

Saboda haka ga roƙona ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu. Yau ba a neman rakoda, kusan kowace waya tana ɗaukar sauti fiye da tawa ta wancan zamani. To amma waya ta fi kaset saurin mantuwa: ta faɗa ruwa, a sace ta, kati ya cika a goge. Idan yara suka zo muku da kiɗansu, ku ɗauka a ranar, yadda yake, kafin ku ce komai a kansa. Ku rubuta kwanan wata da sunan gari da sunan duk wanda ya sa hannu, da irin kayan da aka kaɗa. Ku sa a rubuta kalmomin a kaye, da harshen da aka yi su. Ku ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun yaran, ɗaya a ɗakin karatu ko ofishin ƙungiya. Bayan nan, in an nemi shawararku, ku bayar; gyara yana da ranarsa, kuma kundi na biyu domin shi aka yi shi. Haka za ku yi wa tsofaffin masu goge da gurumi da mata masu waƙar daka. Wannan ya ƙara zama wajibi a jiharmu ta Tilaberi, inda tun 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassa, makarantu da dama suka rufe, garuruwa suka tashi. Mun ga yadda mutanen da ke zaune wuri guda yau suke wayar gari a warwatse.

Bayan na gama wannan bincike na kira mai waƙa a Lome. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in ce, “Ɗana, kaset ɗinku ni na shafe shi, da sanina. Ka yafe mini.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Mushe, ai muna cikin ajin. Na yafe tun tuni, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Abin da ke damuna daban ne. Waƙa goma sha ɗaya muka yi, yanzu uku kaɗai nake iya tunawa. Ina ta neman sauran a kaina, sun tafi.” Na tambaye shi ko ta jan bik tana cikin ukun. Ya yi dariya ya ce tana ciki.

Na roƙe shi ya rera mini su a waya. Bayan kwana biyu ya aiko. Muryar magidanci ce mai ƴaƴa uku, a hankali yake yi, yana buga tebur da yatsa, ana jin ƙarar babura a bayansa. Ba su ne waƙoƙin daren Asabar ɗin nan ba, inuwarsu ce. Amma Bahaushen da ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, shi ne kuma ya ce da babu gara ba daɗi. Na rubuta kwanan wata da sunayen su huɗu, na ajiye kwafi ɗaya a wajena, na aika ɗaya ga mai gitar a ƙauyensu, na ba ƴata ɗaya ta adana a Yamai. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya bayyana wanda ya ɓata, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.